Jinyar Kazar Da Aka Yi Wa Aiki A Ƙafa

Da yawanmu in kaza ta fara ɗingishi wuƙa muke nema, kuma ba laifi, sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Sai dai akwai kazar da rabuwa da ita asara ce: mai zuba ƙwai, ko uwar da ta iya kwanci da rainon 'yan tsaki. Irin wannan ce ake ɗauka a kai wa likitan dabbobi.

In aka juya ƙafar, wani lokaci za a ga tafin ya kumbura, da wani baƙin ɓawo a tsakiya kamar ƙwayar wake. Ƙaya ce ko ƙusa ko fasasshiyar kwalba ta huda fatar, ko kuwa yawan dirowa daga sama a kan siminti, sai ƙwayar cutar da ake kira Staphylococcus aureus ta samu ƙofa. Mugunyar kaza ba ruwa ba ce irin ta mutum, daskarewa take yi kamar awara. Shi ya sa matsawa ba ta fitar da ita, sai likita ya tsaga ya ciro ƙullutun gaba ɗaya. Aikin ba ya daɗewa. Wahalar tana gida, domin an bar rami a ƙafar halittar da ba ta da sana'a sai tono.

A ware ta tukuna. Babban kwali ko kwando ya isa, a shimfiɗa tsumma mai laushi ko busasshiyar dusar katako, a ajiye inda take jin kukan 'yan uwanta amma bakinsu ba ya kai mata. Kaji in sun ga ja sai sun tsattsaga, kuma ba sa bari. Kada a sa mata sandar hawa. A ƙasa za ta kwana, ko da ranta bai so ba.

Canza bandeji shi ne zuciyar jinyar, kuma aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya naɗe ta a tsohon zani, fukafukan a ciki, ya ɗan rufe mata kai. Da ta ga duhu sai ta yi lamo. Ɗayan ya sa safar hannu, don wannan ƙwayar cutar tana kama mutum in yana da rauni a yatsa. A wanke ramin da ruwan da aka tafasa ya huce, da ɗan gishiri a ciki, a shafa maganin da likita ya bayar, a ɗora auduga mai kauri ta zame mata matashi. Sannan a bi da bandejin ta tsakanin yatsu a zagayo ƙauri. A nan ake yawan kuskure. Mai jinya, don tsoron kada ta warware da baki, sai ya ɗaure tamau. Bayan ɗan lokaci a taɓa yatsun: in da ɗumi, lafiya, in sun yi sanyi ko sun kumbura, a kwance nan take, jini ne ba ya wucewa. Kwanakin farko kullum ake canzawa, daga baya a riƙa tsallake kwana ɗaya. Amma duk sa'ad da bandejin ya jiƙe ko ta taka kashi, ba a jiran gobe. Da damina abin ya fi wuya, don haka kwanon ruwanta ya zama mai nauyi wanda ba za ta kifar ba.

Baƙin mai da toka ba su da wurin zama a wannan ciwo, ko wace maƙwabciya ce ta ba da shawara. Haka nan ɓare maganin ja-da-yalo a zuba a ruwa bisa ƙiyasi. In likita ya rubuta maganin sha ko allura, a cika kwanakin, a kuma tambaye shi yaushe za a koma cin ƙwanta da namanta, domin maganin yana saura a jikinta. Ƙwan waɗannan kwanaki ba na yara ba ne, ba kuma na kasuwa ba. Mai yiwuwa ma ta daina yin ƙwan na ɗan lokaci, wannan ba abin damuwa ba ne muddin tana ci tana sha.

Abin damuwa shi ne kumburi ya haura zuwa gaɓa, ko ciwon ya fara wari, ko ta takure ta ƙi tsaki. Cutar kan kai ga ƙashi, a mayar da kazar wurin likita.

Warkewa kan ɗauki makonni, ba kwanaki ba, kuma kazar za ta nuna ta warke tun ramin bai rufe ba. Kada a yarda da ita. Sai sabuwar fata ta rufe tafin sarai za a sake ta. Kafin ranar, a share akurki da bayan gida, a tsince ƙusoshi da guntayen waya, a sauko da sandar kwana zuwa kamar tsayin gwiwa, a kankare ta ta yi sumul. Da magariba, in sauran kajin sun shige, a ɗauke su ɗaya bayan ɗaya da tocila a duba tafin kowace, musamman masu ƙiba.