Farashin Akuya Tsakanin Sefa, Naira da Tiyar Gero

Duk magidancin da ya taɓa kai akuya kasuwar Maraɗi ko ta Ƙonni ya san cewa ba a nan kaɗai ake yanke farashinta ba. Mafi yawan dabbobin da Nijar ke fitarwa Najeriya suke nufa, ta Jibiya da Illela da Maigatari, daga can manyan motoci su kwashe su zuwa kudu. Saboda haka fatake masu riƙe da naira su ne ke da babbar murya a wurin ciniki.

A watan Janairun 1994, da aka rage darajar sefa da rabi, dabbar Nijar ta yi araha ga mai saye daga waje, fatake suka yi ta tururuwa. A 2023 kuwa al'amarin ya juya: naira ta faɗi tun daga watan Yuni, aka kuma rufe iyaka bayan juyin mulkin Yuli, Najeriya ba ta buɗe ɓangarenta ba sai Maris 2024. Awaki suka cika kasuwannin gida, masu saye suka ragu. Ita kanta jar akuyar Maraɗi, wadda a ƙetaren iyaka ake kira ta Sakkwato, wadda ayari ya daɗe yana kai fatarta Maroko, ba ta tsira ba.

Sai dai uwargidan da ta ɗaure akuya biyu a bayan ɗaki ba da canjin kuɗi take lissafi ba. Tambayarta ita ce: tiya nawa ta gero akuyar za ta kawo? A nan ne ciwon yake. Daga ƙarshen bazara zuwa tsakiyar damina rumbu ya yi ƙasa, akuya ta rame, gero ya yi tsada, kowa kuma sayarwa yake. A 2005, bayan fari da farin ɗango na 2004, iyalai da yawa sun rabu da dabbobinsu a kan abin da bai kai ya ciyar da gida ba. Wanda ya samu halin sayarwa bayan kaka, ko gab da Babbar Salla, ya sayi hatsi tun yana da sauƙi ya ajiye, shi ne a ganina ya ci kasuwa.

Ga dillalai kuma akwai magana. Shari'a ta hana tare masu kaya a hanya kafin su san farashin kasuwa, ta kuma hana taya dabba ba da niyyar saye ba don a ruɗi wani. Dukansu biyu ana ganin su a ranar kasuwa, kuma galibi a kan akuyar matar da ta aiko yaro ya sayar mata suke faɗawa.