Abin da ke riƙe jirgi a sama

Jirgin alhazai da ke tashi daga filin Diori Hamani na Yamai, iska ce ke ɗauke da shi. Inji na tura shi gaba, fukafukai na danna iska ƙasa, ita kuma ta ɗaga su. In ɗagawar ta rinjayi nauyi, ya tashi.

Juyawa kuwa aikin wasu ƴan alluna ne a bakin fukafukai: na dama ya ɗaga, na hagu ya sauka, jirgi ya karkata dama. Na wutsiya ke ɗaga hanci. In matuƙi ya ɗaga shi fiye da kima, iska ta suɓuce wa fiffike, sai faɗuwa.

Zafin Afrilu ma na rage kaurin iska, dole jirgi ya yi dogon gudu kafin ya bar ƙasa.