Ƙariya, Furen da Ke Son Kan Dutse

Shirinmu na musamman na yau zai faro ne daga Ƙofar Kware, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin birnin Sakkwato.

Duk wanda ya fita ta wannan ƙofa da bazara, ya haye gulbin Rima ya miƙi hanyar Kware zuwa Illela, da zarar ya bar koren fadama sai ya shiga jar ƙasa mai tsakuwa da marmara. Zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu, ruwan sama kuwa ba ya wuce wata huɗu a shekara, shi ma da ƙyar yake zarce milimita 700. Ciyawa ta ƙone, an bar sabara da tumfafiya suna gadin fili. A irin wannan ƙasa, kuma a irin wannan lokaci, ƙariya take cika da fure.

Ba doguwar itaciya ba ce. Tsayinta kan tsaya tsakanin mita 1 zuwa 3, amma gindinta a kumbure yake kamar tulu, da ɓawo mai santsi ruwan toka. A cikin wannan gindi take tara ruwan damina. Ganyenta masu kauri ne da sheƙi, a tattare can bakin reshe, kuma idan rani ya yi nisa sai ta zubar da su don kada ruwan da ta tara ya tsere ta jikinsu. A lokacin ne rassan da suka zama tsirara suke fitar da furanni masu dogon wuya da kunnuwa biyar, bakinsu ja-ja, cikinsu da haske. Daga nesa ma ido ba ya kuskure ta.

Gidanta na asali gefen dutse ne, da tudu mai tsakuwa ko rairayi, inda ruwa ke gangarewa ba ya kwanciya. Ana samunta tun daga Senegal, ta ratso ƙasar Hausa da Nijar da Cadi zuwa Sudan da Habasha, har ta tsallaka Bahar Maliya zuwa duwatsun Yaman. A can ne wani masani ɗan ƙasar Siwidin, Peter Forsskål, ya siffanta ta kafin rasuwarsa a 1763, aka buga littafinsa a 1775. Tun daga 1819 masana suke kiranta Adenium obesum. A tsibirin Sukutura na Yaman akwai wata irinta da ke maƙale a jikin duwatsu, wadda kaurin gindinta ya fi ƙarfin rungumar mutum biyu.

A nan gida, wani likita ɗan Sikotlan, J. M. Dalziel, wanda ya tattara tsirrai a Arewa har da lardin Sakkwato, ya sa ta cikin littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916.

Mutane da yawa sun ɗauka ƙariya fure kawai take yi. Tana 'ya'ya, sai dai ba kullum ba, musamman wadda aka dasa a cikin gari. Ƙwansonta biyu-biyu yake fitowa, dogo mai tsini. In ya bushe sai ya tsage, ƙwayoyin su fito da gashi mai laushi a kowane gefe, iska ta kwashe su. Wanda ya taɓa ganin audugar tumfafiya tana yawo a iska ba zai yi mamaki ba, domin masana sun sa su a dangi ɗaya.

Sai mu zo kan abin da ya kamata kowane mai gida ya riƙe. Ruwan jikin ƙariya dafi ne. Yana ɗauke da sinadaran da ke taɓa bugun zuciya kai tsaye, shi ya sa maharba a sassa da dama na Afirka suka daɗe suna dafa shi su shafa wa kibiya, masunta kuma a wasu wurare suna kashe kifi da shi. Awaki da ba sa barin komai, ita kam sukan ratse ta. Akwai masu maganin gargajiya da ke aiki da ita wajen ciwon fata da kashe ƙwarƙwata, amma tsakanin magani da ajali a jikin wannan itaciya tazarar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kuma babu dalilin da zai sa wani ya jiƙa ta ya sha.

Abin da ke da ciwo shi ne yadda wasu suka riga mu sanin darajarta. A Tailan da Taiwan an mayar da ita sana'a, ana aurar da iri da iri ana fitar da launuka kala-kala, ana tura su kasuwannin duniya cikin tukwane. Mu kuwa da take tsirowa a bayan garinmu, sau da yawa sai mu nemo furannin da ba sa kwana biyu ba ban-ruwa, a garin da ake sayen jarkar ruwa wajen mai kura.

Renonta ba wuya. Tana kamawa daga reshe idan aka bar bakin yankan ya bushe kafin a kafa, sai dai wadda aka shuka daga ƙwaya ita ce ke yin babban gindin nan. Rana take so, da ƙasa mai rairayi. Abin da ke kashe ta shi ne yawan ruwa, saiwar ta ruɓe.

Don haka mutanen Ƙofar Kware da kewaye, duk mai son ƙawata ƙofar gida ko harabar masallaci, ya nemi ƙariya ya dasa, amma nesa da inda yara ke wasa, kuma ya wanke hannu da sabulu duk lokacin da ya yanke reshenta.