Kada Ki Sayar Da Kwamfuta Da Asirin Gidanki A Ciki

Zancenmu na wannan mako a kan akwatin nan ne da ke girke a ƙuryar ɗaki an lulluɓe shi da tsohon zane, watau kwamfutar kan tebur. Gidaje da dama a nan Zuru suna da ita, kuma na ga yanzu ana ta neman rabuwa da ita. Waɗansu waya ta ishe su. Waɗansu kuwa sun ji labarin kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10 tun ran 14 ga Oktoba, 2025, ga shi tsofaffin na'urori da yawa ba su iya ɗaukar Windows 11. Masu saye ba su ƙaranci ba, balle tun da aka kafa Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a garin nan cikin 2020, ɗalibai suka yawaita.

To, kafin ki kira mai saye, bari in ba ki labarin abin da ya sami wata maƙwabciyarmu. Mijinta tsohon soja ne, da ya bar aiki ya saya wa yara kwamfuta. Uwargida tana buga wa mutane takardu da ita tana samun na cefane, babbar 'yarta kuwa duk sa'ad da wayarta ta cika sai ta juye hotuna a ciki. Da kuɗin makaranta ya matso, suka sayar wa wani mai gyara. Yarinyar ba ta yi sakaci ba. Ta zauna ta goge kome ɗaya ɗaya, har kwandon sharar kwamfutar ta zubar. Bayan wata biyu sai ga hotonta na daren lallen ƙawarta, da ɗaurin ƙirji, kai ba ɗankwali, yana yawo a wayoyin samarin unguwa. Saura kaɗan dangin saurayinta su karɓi kayansu. Uwar ta yi kwana goma ba ta taka kasuwa ba don kunya, har yau kuma tana rantsuwa asiri aka yi musu.

Ba asiri ba ne, 'yar'uwa. A cikin kowace kwamfuta akwai rumbun ajiya, inda hotuna da takardu su ke zaune, akwai kuma rajistar da ke nuna wurin zaman kowanne. Ni malama ce, bari in kwatanta miki da aji. In na ɗauki jan biro na soke sunan yarinya daga rajista, ai yarinyar ba ta ɓace ba. Tana nan zaune bisa bencinta, sai ran da aka kawo sabuwar ɗaliba aka ba ta wurin. Haka gogewar kwamfuta ta ke, musamman mai tsohon rumbu irin na faifai mai juyawa. Sunan kaɗai a ke sokewa, hoton kuwa yana nan sai wani abu ya hau kansa. Akwai manhajoji na kyauta, irin su Recuva, waɗanda aikinsu ke nan, leƙa aji su ƙirga waɗanda ke zaune. Don taimakon wanda ya goge abu bisa kuskure aka yi su, amma yaron shago ma ya iya aiki da su.

Kada ki ce mu ne kaɗai ba mu waye ba. Cikin 2003 waɗansu ɗalibai biyu na jami'ar MIT ta Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, suka bayyana abin da suka gani bayan sun sayi tsofaffin rumbuna 158. Guda 129 suna aiki, amma 12 tak aka wanke yadda ya kamata. A cikin sauran suka tsinci lambobin katin banki fiye da 5,000, da takardun asibiti, da wasiƙun mutane. Cikin 2006 kuma BBC ta ba da labarin tsofaffin kwamfutocin Ingila da suka iso kasuwannin Ikko ɗauke da bayanan bankin masu su. Ke kuwa tuna abin da ke cikin taki: lambar NIN da BVN ta maigida, takardar fansho, sakamakon WAEC na yara, hoton takardar fili, da lissafin adashi.

Ga yadda za ki yi. Da fari kwashe abin da ki ke so ki zuba a filas, sa'an nan ki kai filas ɗin wata na'ura ki buɗe ki tabbata sun shiga, domin abin da za mu yi nan gaba ba shi da kome. Fita daga Facebook da Gmail da duk inda kwamfutar ta riƙe miki kalmar sirri. Ku 'yan mata masu haɗa WhatsApp da kwamfuta, ku shiga wayarku wurin na'urorin da aka haɗa ku cire ta. Ki leƙa bayan akwatin ko an mance filas a soke, ki buɗe ma'ajin faifan CD, don can ne faifan biki ya kan kwana.

Sa'an nan, in Windows 10 ce ko 11, rubuta "Reset this PC" a wurin bincike da ke ƙasan allo, ki buɗe. Za ta ba ki zaɓi biyu. Ɗauki "Remove everything", watau a kwashe kome. Za ta sake tambaya ko ta sauko da sabuwar Windows daga intanet ko ta yi da wadda ke cikinta. Zaɓi "Local reinstall", gama ɗayar tana cin data sama da gigabait 4.

Nan ne fa mutane su ke tuntuɓe, sai ki natsu. A shafi na gaba akwai ɗan rubutu, "Change settings". Galibi a kan wuce shi, alhali shi ne zuciyar aikin. Ki danna, ki mai da "Clean data" ya koma "Yes". In ba ki yi haka ba, rajista kawai kika yaga, 'yan aji suna nan zaune. In kin yi kuwa, kwamfutar za ta bi rumbun tana shafewa, sai ya zama da wuya ƙwarai wani ya tono abin da ke ciki. Har wa yau, masu gyara a ƙasar nan sun saba raba rumbu biyu, C da D, su ce a riƙa ajiya a D don ko Windows ta lalace kaya su tsira. Dabara ce mai kyau, amma ran sayarwa tarko ce, domin in ba ki ce a share dukan rumbuna ba, C kaɗai za a taɓa. Zaɓin yana nan a shafin, ki kunna shi.

Aikin ya kan ɗauki sa'o'i, wani lokaci yini guda in na'urar ta tsufa. Kwamfutar tebur kuwa ba ta da batir kamar ta cinya, halin wutarmu kuma ba sai na gaya miki ba. In wuta ta ɗauke a tsakiya, mai yiwuwa ta ƙi tashi sam. Saboda haka ki tanadi man janareta, ko ki kai ta gidan da ke da sola.

Wadda tata Windows 7 ce ko XP ba za ta sami wannan hanya ba, sai ta je wurin mai gyara. In ya ce miki, "Hajiya, na yi formatin," tambaye shi, na sauri ko cikakke? Na sauri minti ɗaya ne, kuma soke suna ne kurum. Ki sa a yi cikakke da sabuwar Windows, a gabanki ko gaban ɗanki, kada ki bar ta ta kwana a shago. Ni dai a nawa ra'ayin, in kwamfutar ta mutu, ko kuwa kin buga wa jama'a takardunsu a cikinta, to, amanar mutane ce, a kwance rumbun kawai. Bai fi tafin hannu girma da yawa ba, 'yan kusoshi ne ke riƙe da shi. Ki jefa shi cikin adaka, ko a huda shi da ƙusa. Mai saye zai rage kuɗi, ki bar shi ya rage.

Ki gaya wa mai saye tun da wuri cewa manhajojin da aka ɗora daga baya, kamar ta buga takarda, sun tafi, sai ya sa nasa, don kada gobe ya dawo miki da rigima a ƙofar gida. In aikin ya kammala za ki ga kwamfutar ta tashi tana tambayar ƙasa da harshe kamar ran da ta fito daga kwali. Kada ki amsa mata, kada ki rubuta sunanki. Danne maɓallin wuta har ta mutu, ki share mata ƙurar hunturu, sa'an nan ki aika a kira shi.