Kwamfutar da ke Jan Mutum: Gaskiya da Ji-ta-ji-ta

Akwatin kwamfutar tebur, wanda aka fi sani da sifiyu, da ƙarfe ake ƙera shi, kuma da gangan aka haɗa ƙarfen da dogon haƙorin fulogi, wato wayar ƙasa da masu wayarin ke kira atin. Idan wannan waya ta isa ƙasa yadda ya kamata, mutum zai dafa akwatin bai ji komai ba. Idan ta katse a wani wuri, sai a riƙa jin tsikari a yatsa, musamman a kan notunan baya da bakin ramin USB, inda babu fenti. A shagunan buga takardu da ofisoshi an daɗe ana yi wa wannan tsikari fassara iri-iri, wasu da ƙamshin gaskiya, wasu kuwa suna iya kai mutum ga halaka.

Abin da aka fi saurin cewa shi ne kwamfutar ta lalace. Galibi ba haka ba ne. A cikin fawa-fak, wato ƙaramin akwatin da ke karɓar wutar soket ya rage ta, akwai matacin da ke hana hayaniyar lantarki fita ta dami rediyo da sauran na'urori. Matacin yana da ƙananan kafasita biyu, ɗaya tsakanin laif (wayar da ke kawo wuta) da jikin akwati, ɗaya tsakanin nutiral (wayar da wuta ke komawa ta cikinta) da jikin akwati. Kullum akwai 'yar wuta da ke zurarewa ta cikinsu, atin kuma na kwashe ta zuwa ƙasa. Da zarar babu atin, kafasitocin sai su raba ƙarfin wutar biyu, jikin akwatin ya tsaya a kan kusan rabi. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, a Nijar 220, don haka mitar gwaji kan nuna wajen bolt 110 zuwa 115 a jikin kwamfutar da lafiyarta ƙalau.

Daga nan ne magana ta biyu ke fitowa, cewa tun da testa ta kama a jikin akwatin, wutar da ke ciki ta isa kisa. Testa tana kamawa da wutar da ba ta taka kara ta karya ba, mita ma haka, shi ya sa ba a yanke hukunci da su kaɗai. Abin da ke yi wa jiki illa shi ne yawan wutar da ta ratsa shi, wadda ake aunawa da miliamfiya. Mutum kan fara jin tsikari daga kusan miliamfiya 1. A wajen 10 hannu na iya maƙalewa ya kasa saki, daga 30 zuwa sama kuwa numfashi da bugun zuciya na cikin haɗari. Abin da matacin kwamfuta ɗaya ke zubarwa yawanci bai kai 1 ko 2 ba. Sai dai yana taruwa: sifiyu da allo da firinta a kan ekstenshan guda marar atin, duk zubarsu a hannu ɗaya za ta bi.

Wannan bayani ne wasu ke riƙewa su ce ai ba komai, haka kwamfutoci suke. Duk cikin maganganun babu wadda ta kai wannan haɗari. Tsikarin shaida ce cewa hanyar da aka tanadar wa wuta ta gudu ranar da wani abu ya lalace ba ta nan. Ranar da robar wata waya ta narke, ko ɓera ya ci ta, ko kafasita ta ƙone ta haɗe, cikakkiyar wutar soket ce za ta hau jikin akwatin, kuma wanda ya taɓa shi ƙafa ba takalmi a kan siminti shi ne zai zama atin. Fiyus ɗin da ke cikin fulogi ba zai cece shi ba, domin sau da yawa na amfiya 13 ne, wato miliamfiya 13,000. An sa shi ne don kada waya ta kama da wuta. Idan ja ya yi ƙarfi har yana fizge hannu, ko ana jin ƙaurin roba, cire fulogi ake yi nan take, ba a sake kunnawa sai an duba.

Akwai wani ja da ba shi da alaƙa da wayarin. Lokacin hunturu iska kan bushe, jiki ya tara caji daga gogayyar tufafi da kujerar roba ko kafet, sai a ji ƙyas sau ɗaya an taɓa ƙarfe. Bambancin a fili yake: na hunturu sau ɗaya yake yi ya wuce, ko da an cire fulogi, na rashin atin yana nan muddin yatsa na kan ƙarfen, kuma yana ɓacewa idan aka cire fulogi.

Ana kuma ɗora laifin a kan wutar NEPA, wai ta zo da ƙarfi, a ce sitabilaiza ko UPS zai magance. Sitabilaiza ƙarfin wuta yake daidaitawa tsakanin laif da nutiral, UPS kuma riƙe wuta yake yi idan an ɗauke. Babu ɗayansu da ke ƙirƙiro atin. Abin da soket ya ba su shi suke miƙawa. Gaskiyar da ke kusa da wannan zance ita ce ta janareta da inbata: wani gidan sai an koma kansu ake jin ja, saboda wanda ya haɗa su wayoyi biyu kawai ya ja, ya bar ta ukun.

Magungunan gida ma suna da yawa. Sa silifas yana rage jin tsikarin ne kawai, wutar tana nan. Ɗaura waya a jikin ƙusar bango ko cusa ta cikin gwangwanin yashi ba ya maye gurbin atin. Ɗaurawa a famfo dabara ce ta zamanin bututun ƙarfe. Yanzu yawanci na roba ne, inda kuma aka dace da na ƙarfe, an kai haɗarin banɗaki ke nan. Mafi muni shi ne haɗa atin da nutiral a bayan soket. Tsikarin zai ɓace, mita ma ta nuna komai daidai, amma ranar da nutiral ya katse a kan hanya, ko wani ya juya wayoyin a wurin mitar gida, duk ƙarfen da ke kan soket ɗin zai ɗauki cikakkiyar wuta.

Batun zuba gawayi da gishiri a ramin sandar atin yana da tushe. Busasshiyar ƙasa mai yashi ba ta karɓar wuta sosai, gishiri da danshi kuma suna taimakawa. Amma ruwan damina yana wanke gishirin, yana kuma cin ƙarfen da mahaɗin waya, don haka sandar da aka binne shekaru da suka wuce ba a yi mata shaidar lafiya sai an auna. Ko mai lafiyar ma tana da iyaka. A misali, idan turjiyar ƙasar om 50 ce, wutar da za ta bi ta a bolt 230 ba ta kai amfiya 5 ba, fiyus ɗin amfiya 13 kuwa ko gezau. Abin da ke cike wannan giɓi shi ne bireka mai gane zubar wuta, RCD, wadda ke kwatanta abin da ya fita ta laif da abin da ya dawo ta nutiral, ta yanke cikin ƙiftawar ido idan bambancin ya kai miliamfiya 30. Tana da maɓallin gwaji da ake dannawa lokaci-lokaci.

Binciken kansa daga kusa ake fara shi. A cire allo da firinta da duk wayar da ta shiga sifiyu, a riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya, domin wani lokaci wutar daga wata na'ura take shigowa. Sai a duba fulogi, ko an karya dogon haƙorin, ko mai haƙori biyu ne aka tura da tsinken ashana. Ekstenshan mai araha shi ne babban wanda ake zargi: fuskarsa ramuka uku, amma idan aka kwance shi sai a tarar wayoyi biyu ne siraran gaske a ciki. Bayan an cire fulogi, mita ya kamata ta nuna ƙasa da om 1 tsakanin jikin akwati da dogon haƙori. A soket kuma, aikin mai wayarin ne ya auna: laif da nutiral kusan 230, laif da atin kusan haka, nutiral da atin 'yan bolt kaɗan. A sabon wayarin atin kore ne da ratsin rawaya, laif ruwan ƙasa, nutiral shuɗi; a tsohon kuwa laif ja ne, nutiral baƙi.

Laftof mai jikin ƙarfe da cajarsa ke da haƙori biyu kan yi irin wannan tsikari, kuma caja mai haƙori uku a soket mai atin tana kawar da shi. Fawa-fak ɗin da aka tabbatar shi ne ke zubar da wuta canza shi ake yi, ba a buɗe shi, domin manyan kafasitocinsa na iya riƙe sama da bolt 300 bayan an cire fulogi.