Daga situdiyon Sakkwato zuwa Amurka: darasin Mdou Moctar ga matasan Mafara

Idan kana Talata Mafara, Bakura ko Maradun kana haɗa kiɗa a waya ko kwamfuta, ga wani labari da ya faru a nan kusa da kai.

A 2008 wani matashi Buzu daga Jamhuriyar Nijar, Mdou Moctar, ya shigo Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar. Jita ya riƙo irin ta Buzaye, amma kayan aikin situdiyon na waƙoƙin finafinan Hausa ne: gangar inji, da manhajar Auto-Tune mai lanƙwasa murya har ta koma kamar ba ta mutum ba. Abin da ya fito wani sabon kiɗa ne mai juya kai, ka ji kamar kana mafarki ido biyu.

Babu kamfani, babu talla. Waƙoƙin suka riƙa tsallakawa daga waya zuwa waya ta Bluetooth da memori har suka kai Mali. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya ji su, ya sa waƙar "Tahoultine" a kundin Music from Saharan Cellphones na 2011. Daga nan Mdou ya kafa ƙungiyarsa ta mutum 4, suna zagaya Turai da Amurka. Kamfanin Matador ya fitar musu da Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024.

Kafin shi ma an yi Mamman Sani a Yamai, wanda tun 1978 ya ɗora kiɗan gargajiyar Nijar a kan fiyanon lantarki. Sai a 2013 aka sake fitar da kundin, duniya ta ji.

Ka lura, dukkansu sautin gida suka kai wa inji. Kai kuma fa? Yawancin abin da ake ɗorawa a TikTok kiɗan Legas ne aka ɗan canza masa riga, alhali kana zaune a ƙasar Alhaji Musa Ɗanƙwairo, haifaffen Bakura da duniya ta sani da Ɗanƙwairo Maradun. Saurari kotsonsa da kyau. Saurari yadda 'yan amshi ke maimaita layi ɗaya har ya zauna maka a kai. Wannan maimaicin shi ne ƙashin bayan kiɗan lantarki, masu haɗa kiɗa a Ingila da Jamus da kwamfuta suke nemansa.

Dattawan da suka iya kotso da kalangu suna raguwa, rashin tsaro kuma ya taƙaita bukukuwa a ƙauyuka. Wanda ya tafi ba a naɗe shi ba, ya tafi da kiɗansa.

Don haka ka nemi makaɗin garinku. Ka nemi izininsa, ka sallame shi, ka naɗi minti 2 na bugunsa da wayarka. Ka ja shi, ka rage masa gudu, ka ɗora abin da ranka ya ba ka. In ka sake shi, ka rubuta sunansa kusa da naka.