ZAƁEN TSOHON INJI DOMIN ƘARA WA MOTA ƘARFI

Kowane baƙo ya sauka Daura ba ya barin garin sai ya leƙa rijiyar Kusugu, ya kurɓi ruwanta, ya ji labarin Bayajidda da macijin nan da ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Jumma'a. Ni ma abin da ya kai ni unguwar ke nan. Amma da na fito daga ɗakin da aka gina bisa rijiyar, sai na iske gardama ta kaure a gindin wata darbejiya, samari sun kewaye wata tsohuwar mota Peugeot 404, wadda mu muke kira Fijo, an ɗaga murfin injinta, kowa yana faɗin albarkacin bakinsa.

Mai motar wani saurayi ne, ya gaje ta daga wurin mahaifinsa. Ya sayar da shanun da ya yi shekara biyu yana kiwo, yana nufin ya sayi wani tsohon inji ya sa mata, sa'an nan ya ɗora masa na'urar nan mai cusa iska wadda makanikai ke kira sufacaja. Abokansa suna ta zuga shi ya nemi injin Land Cruiser mai silinda shida. Wani dattijon makaniki yana zaune bisa benci yana sauraro. Saurayin ya juya wurinsa ya ce, "Baba, ashe ba babban inji ne babban gudu ba?" Dattijo ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma tsalle dubu ba ya fid da shi. Zauna mu yi lissafi tukuna."

Tun da yake wannan sha'awa ta fara shiga zukatan samarinmu, kuma kuɗin da a ke zubawa a ciki ba kaɗan ba ne, ya kamata mu baje wannan lissafi a fili domin amfanin masu karatu.

Mene ne sufacaja?

Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya riga ya san asirin. Gawayi ɗaya ne, amma in mazugi ya matsa zuga-zugi sai wuta ta yi ƙarfi har ta narkar da ƙarfe. Inji ma haka yake. Ƙarfinsa yana fitowa daga fetur ɗin da ya ƙone a cikin silinda, fetur kuwa ba ya ƙonewa sai gwargwadon iskar da ya samu. Sufacaja zuga-zugin inji ce: bel yana juya ta daga karanshaf, tana tura iska cikin silinda fiye da yadda inji zai shaƙa da kansa. Bambancinta da turbo, wadda direbobin manyan motoci suka sani, shi ne ita turbo hayaƙin salansa ke juya ta, ita kuwa sufacaja daga ƙarfin injin take ci kafin ta biya da riba.

Wannan misali na maƙera ba ƙage ba ne. Wasu 'yan'uwa biyu, Philander da Francis Roots, mutanen Indiyana a Amurka, su suka yi rajistar irin wannan na'ura a 1860, kuma domin hura wutar narka ƙarfe suka yi ta. Daga baya masu ƙera mota suka ɗauka. A 1921 kamfanin Mercedes ya nuna motoci masu sufacaja a birnin Balin, shi ne asalin kalmar nan Kompressor da mu ke gani a bayan waɗansu Marsandi.

Tun a wancan zamani a ka ga haɗarin abin. A 1929 a Ingila aka ɗora sufacaja bisa injin Bentley mai lita 4 da rabi, silinda huɗu a jere, ba da son W. O. Bentley wanda ya kafa kamfanin ba. Ƙarfin motar ya tashi daga doki 110 zuwa 175, ta yi suna ƙwarai, amma ba ta taɓa cin tseren nan na awa 24 na Le Mans a Faransa ba. A tseren 1930 duk biyun da suka shiga sun lalace a hanya. Wadda ta ci a 1929 da 1930 ita ce 'yar'uwarta mai silinda shida wadda ba ta da sufacaja. Watau gudu daban, jimiri daban.

Abubuwa huɗu da za a duba

Inji mai silinda a jere, ko huɗu ko shida, yana da daɗin wannan aiki, gama kansa ɗaya ne, gaskit ɗaya, kuma akwai fili a gefensa inda za a kafa na'urar. Amma ba kowanne ne zai ɗauka ba.

Na farko shi ne matsi. Kowane inji yana da gwargwadon yadda fistin ke matse iska da mai kafin fulogi ya kunna wuta. In an ce matsin inji 8 ne, watau yana matse mudu takwas ya koma gurbin mudu ɗaya. In aka cusa ƙarin iska a cikin injin da matsinsa ya riga ya yi yawa, mai zai fashe da kansa kafin lokacinsa, a ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wannan ƙara ita ke huda fistin, ita ke karya ringi. Kamfanonin da kansu sun nuna mana hanya. Da Datsun ya sa turbo a injinsa L28 mai silinda shida a 1981, sai ya sauko da matsinsa zuwa 7.4. Injin Marsandi mai lita 2.3 matsinsa 10.4 ne, amma ɗan'uwansa mai Kompressor 8.8 ne, ƙarfinsa kuwa ya tashi daga doki 150 zuwa 193. Saboda haka tsohon inji mai sassaucin matsi ya fi sabo mai tsanani dacewa. Da tsohuwar zuma a ke magani.

Na biyu shi ne ƙarfin gindi. Karanshaf yana kwance bisa matattarai masu metal, su ke ɗauke da dukan bugun da fistin ke yi. Inji mai silinda huɗu da ke da matattarai biyar ya fi mai uku jimiri, kamar yadda azara mai ginshiƙi biyar ta fi mai uku ɗaukar rufi.

Na uku shi ne zafi. Iska in an matsa ta sai ta yi zafi, kowa ya taɓa famfon keke bayan an yi bugu ya san haka. A ƙasar Daura kuwa, cikin watan Afrilu da Mayu, zafi yakan haura digiri 40. Abin da ya yi daidai a Jamus ba lalle ne ya yi daidai a kan hanyar Kazaure da tsakar rana ba. Ga kuma ƙurar hunturu, wadda in ta shiga sufacaja sai ta cinye fikafikanta.

Na huɗu shi ne kayan gyara. Injin da a ka ƙara wa nauyi lalle wata rana zai nemi fistin ko gaskit. In ba a samun su a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna, to, motar ta zama ɗakin kaji.

Mu auna su ɗaya ɗaya

Injin 404 na asali lita 1.6 ne, an fito da shi a 1960, a kishingiɗe yake a cikin mota. Ba a raina shi, domin 404 ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka a 1963, 1966, 1967 da 1968. Amma na farko-farko matattarai uku gare su, sai a 1964 aka mai da su biyar. Kayansa kuma sun fara wuya.

Injin Land Rover mai lita 2 da kwata, na 1958, matsinsa 7 ne ko 8, wannan ya yi. Sai dai shi ma matattarai uku ne har zuwa 1980, kuma an yi shi ne domin ja a cikin yashi da laka, ba domin gudu ba.

Injin Land Cruiser da samari ke kwaɗayi, watau 2F na 1975, lita 4.2 ne, silinda shida, matsinsa ƙasa da 8, ƙarfinsa wajen doki 135. Jarumi ne a cikin motarsa. Amma duk jikinsa baƙin ƙarfe ne, ga nauyi ga tsawo, matattaransa huɗu ne kacal, ba ya kuma son a juya shi da sauri. Kafin ya shiga gaban 404 sai an yanke jikin motar, in kuwa ya shiga, gaba zai rinjayi baya, sitiyari ya yi nauyi, mota ta ƙi bin kwana. Ga kuma shan mai, tun da a ka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023 kuwa, wannan ba abin wasa ba ne.

Injin Marsandi 280 na 1972, lita 2.8, silinda shida, matattarai bakwai, inji ne na gaske, ba shi da rawa ko kaɗan, gama silinda shida a jere suna daidaita junansu. Amma matsinsa ya kai wajen 9, kayansa suna da tsada, masu sanin cikinsa kuma ba su da yawa. Wanda ke da tsohuwar Marsandi shi ya kamata ya yi tunaninsa.

Saura injin Peugeot 504 mai lita 2. An fito da 504 a 1968, masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki a 1975, ta kuwa ci gaba da harhaɗa 504 har 2006. Dangin injin 404 ne, kishingiɗarsu ɗaya, saboda haka yana shiga ba tare da an yi wa motar ɓarna ba. Matattaransa biyar, matsinsa 8 da 'yar ɗoriya, ƙarfinsa doki 90 da wani abu. Silindarsa silib ne da a ke zarewa a sa sabo, ba sai an kai bulok wurin masu gora ba. Babu garin da za a rasa wanda ya san shi, daga Daura har Damagaram. A ganina shi ne zaɓin mutumin Kusugu.

Amma kada a rufe aibinsa. Kansa na alminiyam ne, jikinsa na ƙarfe, in ya yi zafi ƙwarai gaskit yakan ƙone, ruwa ya gauraya da baƙin mai. Kuma da Peugeot ya tashi yin 505 mai turbo a farkon shekarun 1980, bai ɗauki wannan inji ba, wani dabam ya nema mai lita 2.2. Wannan ishara ce cewa a bi shi a hankali.

Gwargwadon iska

Sufacajar da ta fi sauƙin samu a wurin masu kayan Beljiyam ita ce ta Eaton da a ke cirowa daga Marsandi Kompressor. Wadda a ke kira M62 tana tura iska wajen lita 1 a kowane juyi. Inji mai lita 2 kuwa yana cika cikinsa sau ɗaya a juyi biyu, watau shi ma lita 1 yake shaƙa a juyi. To, in aka zaɓi fuli yadda na'urar za ta juya sau ɗaya da sulusi a kowane juyin inji, an ƙara masa wajen sulusin iska ke nan, ƙarfinsa kuwa zai iya kai wa doki 120 a ƙiyasi. Nan ya kamata a tsaya. Wanda ya ƙanƙanta fuli domin ya ninka iska, zai ji daɗi mako guda, sa'an nan ya nemi igiyar jan mota.

Ƙarin iska yana bukatar ƙarin mai, sai a buɗa kafireto. A ja lokacin wuta baya kaɗan. A sa babban lagireto, a kuma sa matatar iska mai kyau. Ranar sayen inji kuwa kada a dogara da fenti da zaƙin baki. A gwada matsin kowace silinda da ma'auni, kada bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin 100. A duba baƙin mai, in ya yi fari kamar madara a bar shi. A buɗe gindi a ga metal da ido. Araha ba ta ado.

Birki kafin gudu

Abu na ƙarshe shi ya fi duka. 404 ta farko birkin diram gare ta a ƙafafu huɗu, an yi shi daidai da ƙarfinta na da. Wanda ya ƙara wa doki ƙarfi bai sake linzami ba, ya sayi ajali da kuɗinsa, watakila ma ajalin wani. Hanyoyinmu ba filin tsere ba ne. Ranar kasuwar Mai'aduwa hanya cike take da shanu da amalanke da 'yan acaɓa da yara. Sai a fara da birki mai faifai a gaba, da sababbin tayoyi da shokozoba, sa'an nan a taɓa inji. A kuma je ofishin lasin a shigar da sabuwar lambar inji a takardun mota, kada a sha wahala a shingen hanya.

Kafin in bar gindin darbejiyar, na ji dattijon ya ƙara wa saurayin shawara ɗaya: ya wanke injin mahaifinsa na asali, ya zuba masa mai, ya lulluɓe shi ya ajiye a zaure, kada ya sayar wa 'yan gwangwan. In sha'awar gudu ta wuce, motar gado tana nan yadda take. Saurayi ya yi shiru, sa'an nan ya tambaya ko Baba zai raka shi Ƙofar Ruwa ran Asabar. Dattijo ya ce zai je, in dai za a fara da shagon masu birki.

Muna fata samarin da ke koyon aikin injiniya a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri ta Daura za su riƙa zama da irin waɗannan dattawa, ilmin littafi ya haɗu da na hannu. Allah ya kiyaye mu a hanya, amin.